Gwaggo Moza da Rabin Gada

Gwaggona Moza, yayar mahaifina, ta iya tuƙin mota tun kafin ta iya dafa shinkafa, kuma duk wanda ya taɓa cin girkinta ya san wanne ta fi mayar da hankali a kai. A Budayya aka haife ta, ƙauyenmu na bakin teku a Bahrain, cikin gidan da ni ma na tashi. Kakanmu Hajji Sabt dillalin kifi ne. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake kwasar kifi da ita daga bakin ruwa zuwa kasuwar Manama kullum bayan asuba.

Wata shekara ya zame a kan kwale-kwale ya karya ƙafa. Mahaifina Jasim yaro ne a lokacin, bai isa tuƙi ba, kifi kuma in ya wuni a rana sai dai a zubar. Sai Hajji Sabt ya zaunar da Moza gaban sitiyari, shi ya zauna a gefe da ƙafarsa a ɗaure, da 'yar sanda a hannu. In ta saki kuloci da garaje ya ɗan buga mata a gwiwa, in ta taka birki a makare ya ƙara mata. Ƙafar ta warke, amma bai sake karɓar makullin ba. Ya ce barcin da yake yi a hanya ya fi masa daɗi. Ta je ta yi gwaji aka ba ta lasisi. Mace a kan sitiyari ba baƙon abu ba ce a Manama ko a wancan zamanin, sai dai budurwa mai ribas da motar kifi cikin lungun kasuwa ba tare da ta taɓa kwandon kowa ba, wannan kam mutane sun riƙa tsayawa kallo.

Darwish dangin kakarmu Sabika ne, daga cikin waɗanda kakanninsu suka ƙetara teku suka zauna a Khobar ta ƙasar Saudiyya tun da daɗewa. Yana da kanti can, yana sayar da raga da ƙugiya da kayan injin jirgin ruwa. Yakan shigo jirgin fito ya zo Manama saro kaya, ya biyo gidanmu ya kawo dabino da gaisuwa. Wata rana kayansa suka yi yawa, Hajji Sabt ya ce Moza ta kai su tashar jirgin ruwa. Darwish ya zauna bakin ƙofa, tsohon na tsakiya. Tun da suka bar gida hannunsa ke riƙe da marfin ƙofar, bai saki ba har suka isa. Da ya sauka Hajji Sabt ya tambaye shi yaya ya ga hanya.

Ya ce, "Alhamdu lillahi, Hajji. Na yi kalmar shahada fiye da yadda na yi a Ramadan."

Zuwansa na gaba ya nemi aurenta. Aka tambaye ta, ta ce tana so. Kakarmu, wadda 'ya'yanta ke kira Yumma, ta ja ta ɗaki ta ce, "Moza, kin san dai mata ba sa tuƙi a can. Kada ki je ki riƙa yi mana kuka."

Ta ce, "Na sani, Yumma. Mutumin nake so, ba titin garinsu ba."

Aka ɗaura aure a 1979, aka saka ta jirgin fito da akwatunanta. A ranar ta gane cewa ita da teku ba sa shiri. Ta fara amai tun ana hango gine-ginen Manama, ba ta daina ba sai da aka ɗaure igiya a Khobar. Dangin ango sun taru da guɗa, sai ga amarya ana riƙe da ita ta kowane gefe. Saboda haka zuwa gida ya zame mata aiki, sau biyu take zuwa a shekara, kuma tun ana saura mako take fasa cin abin kirki.

Tana ɗauke da cikinta na biyu Hajji Sabt ya rasu. An buga waya kantin Darwish da safe, amma iskar arewa ta taso, babu jirgin da ya yarda ya fita, jirgin sama kuma ba su sami kujera ba. Sai da iska ta kwanta suka zo, an riga an binne shi. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana a kan wannan ba. Abin da take cewa kawai shi ne, da rana tsaka in sararin sama ya washe, mutum na iya tsayawa bakin ruwa a Khobar ya hango ƙasarmu.

Zamanta da Darwish lafiya lau ne, in ban da cikin mota. Darwish mutumin kirki ne, mai haƙuri, amma Allah bai ba shi tuƙi ba. Yana tafiya a tsakiyar layi biyu, yana magana da hannu biyu, in ya ga wanda ya sani ya tsaya a inda yake ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, motoci na ta danna masa oda a baya. Ita kuwa tana zaune a gefe tana taka birkin da babu shi. Bayan an haifi ɗansu na fari, Anwar, sai ya zama yana kiranta Umm Anwar, ita tana kiransa Bu Anwar, wato uwar Anwar da uban Anwar, kuma da waɗannan sunayen suka yi ta faɗan mota har tsufa.

"Bu Anwar, injin nan kuka yake yi, ka canja giya."

"Umm Anwar, motata ce, ta san muryata."

"To ta gaji da ita."

Da aka fara aikin gadar da za ta haɗa Bahrain da Saudiyya, mutane da yawa ba su yarda za ta yiwu ba. Masu jiragen fito suka ce teku zai cinye ta, don sun san abin da za ta yi wa sana'arsu. Amma ana gani aka riƙa kafa ginshiƙai a cikin ruwa, aka cike wasu wuraren da dutse da yashi, aka tayar da tsibiri a tsakiya inda a da babu komai sai ruwa. A kan tsibirin aka gina ofisoshin fasfo da na kwastan na ƙasashen biyu, da masallaci da wurin cin abinci. Aka buɗe ta a ƙarshen 1986.

Ba su je a makon farko ba, don Darwish ya ce bari wasu su fara gwada ta. Da suka tashi zuwa, ranar wata Alhamis, sun tarar da layi mai tsawo. Anwar da ƙanwarsa Hissa suna baya suna ƙirga jiragen masunta. Moza ta ce ita duk hankalinta yana kan cikinta, tana jiran tashin zuciyar da ta saba, ga teku dama ga teku hagu, amma shiru. Aka buga musu hatimi a ɓangaren Saudiyya, aka buga a na Bahrain. Suna wuce shingen ƙarshe sai Darwish ya gangara gefe ya tsaya, ya ja birkin hannu, ya fita. Ta ɗauka taya ce ta yi faci. Sai ta ga ya zagayo ya buɗe ƙofarta.

Ya ce, "Sauka. Nan ƙasarku ce. Shekara bakwai kina koya mini tuƙi da baki, yau mu ga na hannu."

Ta ce ta zauna ta gyara kujera da madubi, motar ta mutu mata sau ɗaya wajen tashi. Darwish ya yi dariya har da tafi. Daga nan ba ta sake ba shi abin dariya ba. Kafin shayin da ya saya a tsibiri ya huce sun iso ƙofar gidanmu, kakarmu ta fito ta ga 'yarta a kujerar direba, ta ce, "Au, har kin ƙwace?"

Haka abin ya zauna. Kowace Alhamis su taso, shi ya tuƙa rabin gada, ita ta ƙarasa. Ranar Juma'a da yamma ita ta tuƙa har tsibiri, ta tsaya kafin shingen Saudiyya, su sauya kujera, ya ƙarasa da su gida da alewar Bahrain a but don maƙwabta. Ba su kaɗai ke yin haka ba, a wurin tsayawar kakan ga wasu ma'auratan suna zagaya mota kamar su, har an san juna ana gaisawa.

Da yaran suka girma ta nemi takardar koyar da tuƙi a Bahrain, ta samu. Ta sayi 'yar ƙaramar mota mai birki biyu ta ajiye a gidanmu. Darwish ya kawo ta Alhamis, ya koma shi kaɗai, ya dawo tsakiyar mako ya ɗauke ta. Mata ne ɗalibanta: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, zawarawa da suka gaji da roƙon 'yan'uwa su kai su unguwa. Ni ma a hannunta na koya, kuma dangantaka ba ta amfane ni da komai ba. Ba ta duka kamar mahaifinta, magana take yi. Ranar da na shiga shataletale ban duba ba ta taka birkinta, ta juyo ta kalle ni ta ce, "'Yar Jasim, in mutuwa kike so ki bari sai kin sauke ni, ina da wanki a gida." Na yi kuka ranar. Amma gwaji ɗaya na yi na ci.

Darwish yana da ciwon sukari tun yana matashi, kuma bai taɓa ɗaukarsa da muhimmanci ba. In ta hana shi alewa a gida ya ci a kanti. Ciwon ya bi ta idonsa a hankali, shi kuma ya ɓoye. Ita ta gano da kanta, ranar da yake zuba wa baƙo gahawa ya zuba a gefen kofi, ya ci gaba da zubawa. Likita ya yi abin da zai iya, ido ɗaya ya tafi, ɗayan ya rage kamar ana kallo ta cikin hayaƙi.

Abin da suka yi bayan nan ba daidai ba ne, ita ma ta faɗa. Sun ci gaba da ƙetarawa, shi a sitiyari a rabin Saudiyya, ita tana gani masa. "Danja ta yi ja, tsaya. Matsa dama kaɗan. Akwai babbar mota a gabanka, rage." Sun fi shekara a haka. Anwar yana aiki a Jubail, bai san irin tuƙin da ake yi ba, mu ma ba mu sani ba. Rannan suna dawowa, sun bar tsibiri, cunkoso ya tsayar da motoci a kan gada. Ta sunkuya ɗauko jakarta da ta faɗi, kafin ta ɗago ya shige bayan wata bas. Gudun ba yawa, babu wanda ya ji ciwo a bas ɗin, ita ce goshinta ya bugi gaban mota ya fashe, aka yi mata ɗinki. Tabon yana nan.

Da suka koma gida ta ɗauke makullin daga inda yake rataye shi. Da safe ya lalluba bai ji shi ba.

"Umm Anwar, ina makullina?"

"Yana wurina."

"Ba ni."

"Ba zan bayar ba. Jiya bas ce. Gobe ɗan wani ne zai tsallaka titi, ni kuma ina atishawa."

"A gidana za ki hana ni motata?"

"A gidanka. In ka ga dama ka kira Anwar ka faɗa masa, ni ma sai in faɗa masa nawa."

Bai kira Anwar ba. Ya daina yi mata magana, in tana ɗaki ya koma tsakar gida. Ta ci gaba da kai masa abinci da allurarsa a kan lokaci, ba ta ba shi haƙuri ba. Da abin ya ishe shi, wata safiya ya ce da ita shayin ya yi sanyi, ta ce shayin da zafinsa, bakinsa ne ya daɗe a rufe. Daga nan aka koma magana. Makulli dai bai sake tambaya ba.

Shekarun da suka biyo baya su ne masu wuya. Ga mota a gida, ga wadda ta fi kowa a unguwar iya tuƙa ta, amma in za su asibiti sai sun kira tasi ko sun jira ɗan maƙwabta ya tashi daga aiki. Zuwa Bahrain ya koma sai a bas, ko ranar da Anwar ya sami hutu. Ɗalibanta suka ragu. Kowace safiya takan tayar da motar don kada batir ya mutu, ta matsa da ita gaba har bakin ƙofar gida, ta dawo da ita baya, ta kashe. Ta yi masa maganar su koma Budayya gaba ɗaya, tunda ya bar kantin a hannun ɗan ƙanensa, can kuwa za ta kai shi duk inda yake so.

Ya ce, "A nan ƙafata ta san hanyar masallaci, ta san hanyar kanti. In na ji murya na san mai ita. In kika kai ni can na zama makaho na gaske."

Ta ga gaskiyarsa, ba ta sake tayar da zancen ba.

A 2017 aka ba da sanarwar cewa mata za su fara tuƙi a Saudiyya shekara mai zuwa. Moza tana yanka albasa ta ji a talabijin. Ta ce ba ta yi guɗa ba, ta dai ƙarasa yankan albasar. Amma kafin mako ya zagayo wayarta ta hana ta sakat. Matan Khobar da Dammam suka riƙa ƙetarowa Bahrain don su koya kafin lokaci ya yi, da yawa kuma ita suke nema. Har da maƙwabciyarta Umm Nasir, wadda ta shekara da shekaru tana cewa ita ba ta ga abin da mace mai mutunci za ta yi da sitiyari ba. Ta fara kawo 'ya'yanta mata biyu, tana zama a baya wai rakiya. A zuwa na uku ta ce, "Umm Anwar, wannan na tsakiyan shi ne birki ko?" Moza ta ce, "Zagayo ki taka ki gani." Umm Nasir ta faɗi gwaji sau biyu, ta ci a na uku, yanzu kuma ba ta barin mijinta ya taɓa motarta.

Ranar da dokar ta fara aiki, cikin zafin watan Yuni na 2018, Moza da Darwish suna gidanmu. Yana da ganin likitan ido a Khobar da hantsi. Mahaifina ya ce zai kai su, ta ce ya sha zamansa. Ta cire allon koyarwa daga kan motarta, ta zaunar da Darwish a gaba, ta ɗaura masa bel. Abin da ya faru a hanya daga bakinsu biyu na ji shi, kuma kowa da yadda yake faɗa.

Sun yarda dai a kan cewa da suka isa tsibiri ta gangara wurin da suka saba sauya kujera ta tsaya. Ya ce, "Me kika tsaya yi?" Ta ce, "Ƙafata ce ta saba." Sai ta saka giya. Jami'in da ke tagar Saudiyya saurayi ne, ya karɓi takardu, ya duba lasisinta, ya duba ta, ya ce, "Barka da zuwa, Inna. A bi a hankali." Ita ta ce godiya kawai ta yi masa. Darwish ya ce ƙarya ne, cewa ta yi, "Ɗana, duba shekarar da aka fara ba ni lasisin nan, sannan ka tambayi babarka ajinta nawa a lokacin."

A cikin gari ne aka sami matsala. Kusan shekara arba'in tana zaune a Khobar amma ba ta taɓa lura da inda ake shiga da inda ba a shiga ba, don ba ita ke juyawa ba. Darwish ya ce ta bar masa wannan, garinsu ne. Ya riƙa ba ta kwatance daga abin da ya sani kafin idonsa ya tafi. "In kin wuce gidan burodin Bahindiye ki yi dama." Babu gidan burodi, an rushe shi an yi banki. "To bayan gidan mai." Gidan man ya zama wurin ajiye motoci. Suka yi ta zagaye, yana cewa ita ce ba ta gani, tana cewa shi da ke gani ya karɓa. Sun makara, likita ya tafi salla, suka jira shi. Tun daga ranar ita ke kai shi ko'ina, ta kuma ɗauko koyarwarta da ƙarfi, don yanzu ranar da ta ga dama take ƙetarowa.

A watan Maris na 2020 kakarmu Sabika ta faɗi a banɗaki ta karya ƙugu. Moza ta bar Darwish wurin Anwar da matarsa, ta ce kwana biyu za ta yi. Tana gidanmu aka rufe gadar saboda annoba. Manyan motocin kaya kawai ake bari. Ta kira shi, ina zaune kusa da ita, muryarsa na fitowa.

Ta ce, "Bu Anwar, ka ji abin da aka yi? Bari in sa Anwar ya bincika ko akwai yadda za a bar ni in dawo."

Ya ce, "Ki dawo ki yi mini me? Ina da mai ba ni abinci, kuma ta fi ki iya girki. Ki zauna wurin tsohuwa. Na Hajji ya wuce ki, kada wannan ma ya wuce ki."

Sannan ta ce ya ba ta matar Anwar, ta shiga yi mata bayanin allura da awon sukari, da inda yake ɓoye dabino a aljihun rigar sanyi.

Ta yi jinyar mahaifiyarta wata da watanni. Ita ke juya ta, ita ke yi mata wanka, ita ke kai ta asibiti in ta kama, tituna fayau ba kowa. Kakarmu ba ta sake tashi ba. Ta rasu cikin tsananin zafi, da rana, kanta a cinyar Moza. Mutane kaɗan aka bari suka je maƙabarta, zaman makoki kuwa ta waya aka yi shi. Darwish yakan kira bayan la'asar kullum, su yi maganar abin da ya ci da abin da likita ya ce, wani lokaci su yi faɗa. Ranar rasuwar da ya kira, ita ce ta riƙa ba shi haƙuri.

Da aka fara barin mutane su wuce da takardar gwaji, ta yi gwajin ta tafi. Ta ce ba ta taɓa ganin gadar haka ba, daga ita sai manyan motoci, tagogin fasfo duk a rufe sai ɗaya. Ta tarar Darwish ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Ya shafa fuskarta da hannu ya ce ta yi ƙiba, da alama abincin gidansu ya karɓe ta. Ta ce a kawo mata na'urar awon sukari.

Ya ƙara shekara biyu. Ƙodarsa ta gaza, aka riƙa yi masa wankin ƙoda, ita ke kai shi ta zauna a waje da carbinta har a gama. Ya rasu a asibiti wata Talata da safe, aka binne shi a Khobar kusa da iyayensa. Ta yi takabarta a gidansa.

Duk mun ɗauka in ta fita takaba za ta tattaro ta dawo. Mahaifina har ya sa an yi wa ɗakin kakarmu fenti an saka sabuwar na'urar sanyaya ɗaki. Ta zo ta gani ta yaba, ta kwana biyu, ta ce za ta koma. Ta ce a can jikokinta suke, can Umm Nasir take, can ta san mai kifin da ba ya cutarta. Ta daina koyarwa don gwiwarta ta dama tana damunta, ta sayar da mai birki biyun ta sayi wadda ba ta da kuloci, ko da yake tana cewa wannan ba tuƙi ba ne, zama ne. Takan zo duk bayan mako biyu, ta ziyarci kabarin iyayenta, ta kwana, ta duba tayoyin motata ta yi mini faɗa.

A zuwanta na watan jiya muna cin abincin rana, shinkafa da soyayyen kifi, mahaifina ya kawo zancen da ya daɗe yana cinsa. Shi ma ya tsufa, irin wannan tunanin ya fara yi masa yawa. Ya ce, "Yaya, ba fata nake yi ba. Amma in ta Allah ta kasance, ina kike so a kai ki? Wurin Yumma da Baba, ko wurin Bu Anwar?"

Ta cire ƙaya daga kifinta ta ajiye a gefen faranti. Ta ce, "Duk gefen da ta same ni, Jasim, a nan za ku sa ni. Kada wanda ya wahalar da gawata a layin fasfo."

Bayan la'asar ta ce za ta kama hanya kafin ma'aikata su tashi gada ta cika. Na ɗaukar mata jakarta na kai mota.